Sahlan Mai Aski da Mutum-mutumin Asibiti

Sahlan bin Marjuki bai iya aski shiru ba. Da zarar ya yafa maka ƙyalle a wuya ya ɗauki almakashi, to baki ya buɗe ke nan sai ka tashi. Zai ba ka labarin ƙwallon jiya, ya faɗa maka wanda ya aurar da 'ya, ya kushe kofin da maƙwabcinsa ke sayarwa alhali shi yake kurɓa tun safe. Ni Kasmani tare muka taso da shi tun muna gidajen katako na ƙauye, kafin a kwaso mu zuwa benayen unguwar Bedok a nan Singafo, kuma ni ne abin tsokanarsa. Gashin kaina ya fara zubewa tun ina tuƙin bas. Duk ranar da na zauna a kujerarsa sai ya kewaye ni yana leƙe.

"Mani, wanne zan yanke a ciki? Na gabas ko na yamma?"

"Yanke harshenka," in ce masa.

Abu ɗaya ne bakin nan ba ya taɓawa. Shi da matarsa Saminah 'ya'ya biyu Allah ya ba su: Norhayati da ke aure a Johor, tsallaken iyaka, da Ridzwan, wanda mota ta buge a kan babur yana saurayi, bai daɗe da gama aikin soja ba. Tun da muka dawo daga maƙabarta ban sake jin sunan yaron a bakin Sahlan ba. Idan wani ya ambata, sai ya kunna injin aski ya ce a sunkuyar da kai.

Wata Asabar bayan azahar yana gyara wa wani dattijo gemu, reza ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi ta ƙasa. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace.

Rai ya tsira, amma mutumin da aka dawo mana da shi a keken marasa lafiya ba mu san shi ba. Hannun aski yana kwance a cinyarsa kamar na aro. Magana kuwa tana nan cikin kansa daram, ka gan ta a idonsa, sai dai kafin ta fito ta kakkarye. Mu kuma da muke sonsa muka dinga yi masa abin da ya fi ciwon zafi ba mu sani ba. Zai fara, "Ina... ina so..." sai Saminah, da ke kiransa Abang, wato yaya, ta ce, "Ruwa, Abang? Ga ruwa." Ni in ce, "A'a, fanka yake so a kunna." Masu dubiya su zo su yi ta ɗaga murya kamar kurma suka tarar, su fita suna share ido. Mutumin da unguwa guda take sauraro ya koma ba a barinsa ya kai ƙarshen magana. Sai ya daina farawa. Ya koma nuni da haɓa, in ba a gane ba ya ture kwano.

Saminah tana dafa abinci a wata makarantar firamare, ga ciwon gwiwa, don haka ni da na yi ritaya na ɗauki kai shi gashin jiki a asibiti. A can aka haɗa shi da wata ma'aikaciya mai suna Devaki, yarinya mai haƙuri da sanin aikinta. Pak Cik take kiransa, wato kawu. Laifinta ɗaya a wurin Sahlan, in ya motsa yatsa sai ta tafa ta ce, "Yauwa Pak Cik, ka yi ƙoƙari!" Shi kuwa sai ya kau da kai, fuska a murtuke. Da muka fito wata rana ya yi ta fama har ya samu ya ce mini, "Ba... jariri." Daga nan ya daina ba ta hannun gaba ɗaya. Ta ɗaga, ya sakar mata shi ya faɗi.

Ana haka sai asibitin suka kawo mutum-mutumi don gwaji. Tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, fari ne sol, da kai mulmulalle, da idanu masu haske, da hannaye masu yatsu biyar-biyar. Aikinsa ya tsaya gaban majinyaci ya ɗaga hannu a kwaikwaya, ya miƙa tafi a tura, ya yi tambayoyi don a motsa baki. Malayanci yake yi irin na masu karanta labarai a talabijin. Majinyata suka rabu. Wata tsohuwa, Madam Koh, ranar farko ta fara kiransa jikanta. Wani tsohon ɗan sanda kuwa ya ce shi ba a kawo shi nan don a yi masa wasan yara ba, ya sa aka mayar da shi ɗaki.

Da Devaki ta turo wa Sahlan shi, kallo ɗaya ya yi masa ya dube ni.

"Gun... ki," ya ce.

"Ba bauta masa aka ce ka yi ba, Lan. Hannu za ka ɗaga."

Ya rufe ido. Haka aka yi zaman farko da na biyu, na'ura na ɗaga hannu tana saukewa, mai gida na barcin ƙarya. Devaki ta ce mini a bar shi, ba a tilasta wa kowa. Amma a zama na gaba, da abin ya ce, "Barka da safiya Pak Sahlan, mu ɗaga hannun dama," haushi ya ci shi, ya buɗe baki zai zage shi.

"Kai... kai..."

Na buɗe baki zan taya shi kamar yadda na saba, Devaki ta taɓa kafaɗata. Mutum-mutumin kuwa bai taya shi ba. Ya ɗan karkatar da kai, idanunsa a kan Sahlan, yana jira. Sahlan ya yi ta kokawa da harshensa, yawu na zuba, jijiyar wuya ta tashi. Shirun ya yi tsawon da ni kaina na ji kunya. Abin bai motsa ba.

"Kai... tukunyar... shinkafa... ce."

"Ban ji da kyau ba, Pak Sahlan. Don Allah sake faɗa."

"Tukunyar shinkafa ce kai! Mai... mai sanƙo!"

"Na gode. Yanzu mu ɗaga hannun dama."

Wani sauti ya fito daga bakin Sahlan, na zaci shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce, karkatacciya, ta farko tun faɗuwarsa. Ya dube ni yana nuna kan abin da hannun hagu, sannan ya nuna nawa. "Ɗan'uwan... ka," ya ce. Ranar ya ɗaga hannun dama, ko da yake bai wuce cibiya ba.

Sahlan ya raɗa masa suna Botak, wato mai sanƙo, sunan kuma ya bi ɗakin gashi duka. Ranar zuwa asibiti tun kafin in ƙwanƙwasa ƙofa ya shirya, hula a kai. Ya isa ya ce, "Botak, ka kwana lafiya? Gashi bai fito ba?" Abin ya ce, "Bai fito ba, Pak Sahlan." In ya kasa motsi ba a ce masa sannu, in ya yi ba a tafa masa. Sai dai, "Yau ka ɗaga fiye da wancan zuwan," ko kuma, "Yau bai kai ba, mu sake." In ya faɗi magana ba daidai ba, a ce ya maimaita, sau nawa ne, muryar ba ta canzawa. Hannun ya fara kaiwa kafaɗa. Yatsu suka fara damƙar ƙwallon roba. Ya soma takawa da sanda, Devaki na riƙe da ƙugunsa, wannan karon bai hana ta ba.

Hira kuma ta dawo, amma ga Botak kaɗai. Da an gama motsa hannu akwai lokacin da ake barin majinyaci ya yi magana da shi, mu masu rakiya mu koma benci bayan labule. Daga nan nake jin Sahlan yana ba shi labarin ƙauyenmu, da ambaliyar da ta tafi da kajin mahaifiyarsa, da yadda ake riƙe reza a maƙogwaron mai tari. A hankali yake yi, yana tuntuɓe, abin na cewa, "Sai me ya faru?" A gida kuwa sai a hankali. Saminah ta yi masa wanka, ta yanka masa farce, ta dafa masa kunun shinkafa da kifi, abin da take samu bai wuce "eh" da "a'a" ba. In ta tambaye ni yaya gashi, in ce da sauƙi, in ɓoye sauran.

Da aka yi hutun makaranta ta ce za ta bi mu ta ga abin da idonta. Ta sa sabon mayafi, ta ƙunso wainar kwakwa ta kai wa Devaki. Muka zauna a benci. Ina jin ya manta tana nan, ko kuma ya ɗauka mun fita shan shayi, domin da Botak ya ce, "Pak Sahlan, wa ka fi jin daɗin yi wa aski?" sai muka ji ya ce:

"Ɗana. Rid... Ridzwan."

Saminah ta damƙe jakarta.

"Gashinsa... irin na uwarsa. Mai yawa. Ranar nan ya zo shago. Ya ce Abah, rage mini, gobe zan je neman aiki. Shago cike. Na ce... na ce ka dawo anjima, baƙi tukuna. Ya ce yana sauri. Na ce to je wani wuri... ko ni kaɗai ne mai aski a Singafo?"

"Sai me ya faru?"

"Ya tafi wani wuri."

Can ya ce, "Da na yi masa wanka... gashin na nan. Ban rage ba."

"Wannan abu ne mai nauyi, Pak Sahlan. Kana so in kira Devaki?"

"A'a. Zauna."

Saminah ta miƙe ta fita, tana jan ƙafa. Na bi ta na same ta a bakin matakala ta jingina da bango. Ba kuka take ba, da kukan ne da ya fi mini sauƙi.

"Abang Kasmani, na sani fa," ta ce. "Tun ranar na sani. Yaron ya hawo gida ɗaukar hular kwano, yana dariya, ya ce mini, Mak, Abah ya kore ni, wai baƙi sun fi ni. Dariya yake yi. Ko a ransa bai sa ba."

"Me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

"Ta yaya? In na ɗauko sunan sai ya bar ɗakin. Na ce bari in jira ya kawo da kansa, in ce masa Abang, babu wanda ya ga laifinka. Na jira har gashina ya yi fari." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Ashe roba zai faɗa wa."

Washegari na same shi shi kaɗai a barandar bene yana kallon ƙasa. Ban yi masa kwana-kwana ba.

"Lan, Minah ta ji abin da ka faɗa jiya."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Matarka ce fa. Ita ta haife shi. Ita ke wanke ka. Wannan abin da kake zuba wa cikinka, da dare a jikin wuta ake jona shi."

Na koyi darasi daga wurin Botak, don haka na yi shiru na jira. Ya daɗe.

"Shi... ba ya kuka," ya ce. "Minah, in na buɗe baki... idonta. Kai ma. Kuna kallona kamar gawa. Shi yana kallon... hannu."

Muka zauna har aka kira la'asar.

Bai faɗa mata ba, ita ma ba ta tayar ba. Gidan ya ƙara shiru. Ba a daɗe ba, wata safiya muka isa ɗakin gashi muka tarar da gurbin Botak wayam, sai alamar tayoyinsa a ƙasa. Devaki ta zo ta durƙusa gaban Sahlan ta ce gwajin ya ƙare, masu abin sun ɗauke shi, ita ma sai jiya aka sanar da ita. Ta ce watakila a kawo wani nan gaba.

"Wani," in ji Sahlan.

"Irinsa ne, Pak Cik. Komai ɗaya."

"Zai... san ni?"

Yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Ta ce a'a, sabo zai zo, abin da aka faɗa wa wancan ana gogewa, don sirrin majinyata. Madam Koh tana gefe tana kuka a fili. Sahlan ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce mini mu tafi. A cikin bas ya ce, "Ko sallama."

Ya daina zuwa. Devaki ta buga waya, ta sake bugawa, har gida ta zo ranar hutunta, ya ƙi fitowa daga ɗaki. Hannun da ya kai kafaɗa ya fara komawa. Yatsun suka nannaɗe. Norhayati ta tsallako daga Johor ta yi faɗa ta yi lallashi, ta kunna masa hoton motsa jiki a waya, ya kifa wayar. Ni kaina na tsaya gabansa na ɗaga hannu ina kwaikwayon muryar Botak, wai ko zai yi dariya. Kallon da ya yi mini ya sa na sauke hannuna.

Saminah ce ta gaji. Wata yamma ina falonsu ina shan shayi, ta fito daga kicin, ta jawo kujera ta ajiye dab da gabansa, gwiwa na taɓa gwiwa. Na yunƙura zan ba su wuri, ta ce in zauna, wai in ba kowa tashi zai yi.

"Abang, ni ba roba ba ce," ta ce. "Zan yi kuka, sai ka haƙura. Amma ba zan katse ka ba. In za ka kwana kana neman kalma ɗaya, ina nan."

Ya kau da kai.

"To ni bari in fara. Ridzwan ya hawo nan ranar. Ya faɗa mini ka kore shi. Dariya yake yi, Abang. Ya ce aski naka ma tsohon yayi ne, ya samu dalilin zuwa wurin samari. Ya ɗauki ayaba a kan teburin can ya fita yana ci. Haka ɗanka ya bar gidan nan."

Sahlan ya juyo. Na ga Saminah ta cije leɓe, ta sa hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta danne, don kada ta taɓa shi ko ta ƙarasa masa. Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa.

"Tun... tuni... kin sani?"

"Tun ranar."

Irin kukan da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi ba, kukan da rabin fuska kaɗai ke yi. Na ajiye kofi na fita na ja musu ƙofa.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Asibiti dai bai koma ba. Amma da yamma in na leƙa sai in gan su a falo, ita ta ɗaga hannu da ƙyar saboda kafaɗarta ma ba lafiya ce da ita ba, shi yana bi. Ba ta iya ba sosai. Takan manta ta ce "sannu Abang", ya harare ta. Takan gaji ta yi tsaki, shi ma ya yi. Wani lokaci in ji yana faɗa mata wani abu a hankali, kalma-kalma, ita ta yi tsit kamar mai sauraron huɗuba. Hannun bai ƙara kaiwa inda ya kai da ba. Shagon aka ba wani yaro ɗan Bangaladash haya, Sahlan bai taɓa sauka ya duba ba.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi ciwon ya sake bugunsa da safe, yana zaune yana jiran ta kawo masa kofi. Wannan karon bai farfaɗo ba. Muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Mutanen da suka zo jana'iza sun ba ni mamaki: Sinawa, Indiyawa, tsofaffin da ya yi wa aski tun suna samari suka tsaya daga nesa, ga Devaki a cikin mata ta yafa gyale.

Da Saminah ta gama takaba, Norhayati ta zo ta tafi da ita, don gwiwoyin sun ƙi, ba ta iya zaman bene ita kaɗai. Ni na riƙe mata jaka zuwa wurin mota. Ta ce in dinga leƙa shukokinta na baranda, kada in cika musu ruwa, barkonon ba ya so. Na ce to. Ta shiga da ƙyar, 'yarta na tallafe da ita, ta zauna ta gefen taga. Da motar ta tashi ta ɗago mini hannu, sannan ta juya tana kallon benen har suka sha kwana.